Abubuwan da Kan Sa Haɗarin Wurin Aiki Ya Yi Muni

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan yankin Gwarzo da Kabo, lokacin hutu



Muna godiya da aka ba mu wannan dama. Mun sani a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka girme mu, suka kuma fi mu sanin aiki, saboda haka in mun yi tuntuɓen harshe sai a gyara mana.

Duk wanda ya tashi a Unguwar Tudu, ko Getso, ko Kutama, ko Garo, ya san abin da kan faru da zarar an kawar da amfanin gona. Samari kan ɗaure 'yan komatsansu su hau mota su nufi birni cin rani. Waɗansu su faɗa aikin gini, waɗansu su sami shiga masana'antun Bompai, ko Sharaɗa, ko Chalawa, waɗansu kuwa su yi dako ko tuƙi. Yawancinsu kan komo lafiya kafin faɗuwar damina. Amma kowannenmu ya san wani da ya dawo da guntun yatsa, ko da sanda, ko kuma wanda gawarsa aka kawo.

Tambayar da muka zo da ita yau ita ce: me ya sa mutum biyu kan gamu da haɗari iri ɗaya, ɗaya ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ɗayan kuwa ya nakasa har iyakar rayuwarsa? Aukuwar haɗari dabam, muninsa dabam. Ba wanda ya isa ya kawar da haɗari baki ɗaya daga wurin aiki, amma akwai abubuwa sanannu da kan mai da ƙaramin rauni babba, kuma galibinsu a hannun mutane suke.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aiki. Mafi yawansu cututtukan da aiki ya jawo ne ke kashe su, amma kimanin 330,000 haɗari ne ajalinsu. Waɗanda kan ji rauni ba su mutu ba kuwa sun kai wajen miliyan 395.

Abin da doka ta tanada

Kafin mu shiga cikin dalilan, ya kamata mu san wane ne ma'aikaci mai inshora. Ƙasar Jamus ce ta fara kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, zamanin Bismarck, Ingila ta yi tata dokar diyya a 1897. A nan Nijeriya Turawan mulki sun kafa dokar diyyar ma'aikata a 1941, gwamnatin soja ta sake ta a 1987. A ƙarƙashin dokar 1987 kuɗi ake biya dunƙule sau ɗaya: albashin wata 42 in ma'aikaci ya rasu, na wata 54 in ya nakasa gaba ɗaya. Kuɗin kan ƙare, nakasa kuwa tana nan.

A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a kan dokar da ake aiki da ita yanzu, aka ɗora gudanar da ita a kan Hukumar Asusun Inshorar Ma'aikata, watau NSITF. Mai ba da aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata, kuma doka ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata. Haka ake biyan matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye. Ba a bukatar ma'aikaci ya je kotu ya tabbatar da laifin ubangidansa kafin a biya shi. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ta kuma haɗa da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki.

To, inshora ba ta hana ƙashi karyewa. Bayan an ji rauni take zuwa. Girman raunin kuwa waɗansu abubuwa ne ke yanke shi, ga su kamar haka.

Na farko: ƙarfin abin da ya bugi mutum

Wani likita Ba'amurke, William Haddon, ya koyar da cewa rauni ba kome ba ne illa wani ƙarfi da ya shiga jiki fiye da yadda jiki zai iya ɗauka, ko na nauyi, ko na gudu, ko na wuta, ko na lantarki, ko na guba. Ya kuma kasa kowane haɗari kashi uku: abin da ya gabace shi, abin da ya faru a lokacinsa, da abin da ya biyo baya. Wannan rabo za mu bi.

Waɗanda suka yi kimiyya a sakandare za su tuna da lissafin faɗuwa. Leburan da ya suɓuce daga tsawon mita 3, watau kan katangar ɗaki, yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa. Wanda ya faɗo daga mita 10, watau wajen hawa na uku na bene, yana isa da gudun kilomita 50 a awa, tamkar mota ce ta banke shi. Abin da ya faɗa a kai ma yana da nasa hukunci, domin tarin yashi dabam, kankare ko tsinin rodi dabam. A kan hanya kuwa, in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon ninkuwa yake sau huɗu. Babur mai gudun kilomita 60 ya fi mai gudun 30 ɓarna har ninki huɗu.

Haka ƙasa take. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta kan kai kimanin na buhun siminti 30. Mai haƙar rijiya, ko kwalbati, ko mai ɗibar ƙasa a kududdufi, in gefen rami ya rufto masa, ko da kansa na waje, ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ya shaƙi iska ba. Wutar lantarki ta gida ƙarfinta 230 ne, ta manyan wayoyin da ke ratsa garuruwanmu kuwa 11,000 ko 33,000. Magini da ya ɗaga rodi ko kwanon rufi kusa da irin wannan waya ba lalle sai ya taɓa ta ba, wutar tana iya tsallakowa. Jikin da ya jiƙe da gumi ko ruwa kuma ya fi busasshe saurin wucewar wuta nesa ba kusa ba.

Akwai kuma gubar da ba a gani. A ramukan ƙazantar masana'antun jima, da shadda, da tsofaffin rijiyoyi, wata iska kan taru mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasan rami take kwanciya, in ta yi yawa kuma sai ta kashe wa hanci jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi. Wanda ya zura injin ban-ruwa cikin rijiya ya tayar, hayaƙinsa ma haka yake kisa. Abin takaici a irin wannan haɗari shi ne sau da yawa ba mutum ɗaya yake ci ba. Na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya dira don ceto, shi ma ya faɗi, na uku ya bi.

Na biyu: abin da ke tsakanin ƙarfin da jikin mutum

Tun da ba a iya raba aiki da ƙarfi, sai a sa shamaki. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk wani ɓangare na inji mai haɗari. Amma mu leƙa injinan niƙa da na casa da ke garuruwanmu, mu ƙirga nawa ne bel ɗinsu ke rufe. Bel mai juyawa ba ruwansa da ko hannu ne ko hannun riga ne ko gefen mayafi. Abin da ya kama sai ya naɗe. Murfin ƙarfe da maƙeri ko mai walda zai haɗa cikin yini ɗaya shi ne bambancin tsakanin yagewar riga da guntulewar hannu.

Masana sun jera hanyoyin kariya bisa ga ƙarfinsu. Mafi inganci a kawar da haɗarin gaba ɗaya, kamar a yanke wuta kafin a hau gyara. Mai bi masa a killace shi, kamar a yi wa bakin bene shinge. Sai tsara aiki da horar da ma'aikata. Kayan sawa, watau hular kwano, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki, da tabarau na mai walda, su ne na ƙarshe, domin ba su hana haɗari, rage muninsa kawai suke yi. Duk da haka ragin ba kaɗan ba ne. Bincike ya nuna hular kwano ta mai babur tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuwa da kusan kashi 70. Masinja ko malamin gona ko ma'aikacin lafiya da ke zirga-zirga a babur tsakanin Gwarzo da ƙauyuka, wannan hula ita ce babbar inshorarsa.

Na uku: ma'aikacin kansa

Sabon ma'aikaci ya fi kowa shiga haɗari, domin bai san inda inji ke cizo ba, yana kuma jin nauyin tambaya kada a ce baƙauye ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ɗan cin rani kullum sabo ne: bana yana gini, baɗi yana kamfanin roba. Dattijo kuwa bai cika faɗawa haɗari kamar yaro ba, amma in ya faɗa nasa ya fi muni, ƙashinsa ya fi saurin karyewa, ya fi jinkirin haɗewa, balle in akwai ciwon sukari ko hawan jini.

Gajiya ma tana da nata rabo. Wanda ya yi awa 12 a tsaye, ko ya kwana yana aikin dare, hannunsa ba ya saurin janyewa. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Kano kan kai awo 40, mai aiki a kan rufi jiri na iya ɗibarsa. Tilas kuma mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci: ƙwayoyin da waɗansu samari ke sha wai don ƙarin ƙarfi, irin su tramadol, suna dushe jin ciwo da jin tsoro, alhali su biyun nan ne ke gargaɗin mutum ya ja da baya.

Na huɗu: yadda aka tsara wurin aiki

A nan ne alhaki ya fi hawa kan shugabanni. A shekarar 1911 gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinki a birnin New York, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata, domin an kulle ƙofofin fita. Bayan shekara 91, a watan Satumba na 2002, irin wannan ta faru a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, inda gobara ta ci ma'aikatan dare gommai, rahotanni kuma suka nuna a kulle suke. A watan Afrilu na 2013 ginin Rana Plaza ya rushe a Bangladash ya kashe mutum fiye da 1,100, bayan an ga tsagewa a bangonsa tun jajibiri, aka kuma ce ma'aikata su koma bakin aiki. A duk wuraren nan wuta ko tsagewar bango ce farkon lamari, amma kwaɗo a ƙofa da umarnin ubangida su suka yawaita gawa.

Tsarin biya ma yana cikin wannan. Aikin jinga yana sa gaggawa, mai gaggawa kuwa shi ke cire murfin inji don ya yi sauri, shi ke hawa katakan gini ba a ɗaure su sosai ba. Ga kuma sarƙar kwangila: babban kamfani ya ba ɗan kwangila, shi ya ba ƙarami, ƙarami ya ba heluma ya nemo leburori a bakin titi. Aiki mafi haɗari yakan gangaro ne zuwa ga wanda ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

Wani Ba'amurke, Heinrich, ya rubuta a 1931 cewa a bayan kowane babban rauni guda akwai ƙanana 29, da haɗura 300 da ba a ji ciwo ba. Darasin da ke ciki shi ne kada a raina ƙaramin tsautsayi. Sai dai masanan da suka zo daga baya sun yi masa gyara, suka nuna abin da ke jawo yankan yatsa ba shi ke jawo mutuwa ba. Wurin aiki na iya shekara ba wanda ya ƙwarzane, alhali ramin gubarsa na buɗe. Saboda haka mai lura da ma'aikata ya fara tambayar kansa: mene ne a nan zai iya kashe mutum?

Na biyar: abin da ya biyo bayan haɗari

Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, in ya zubar da lita 2 rayuwarsa tana kan siraɗi. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci kaɗan. Saboda haka mutanen da ke tsaye a wurin su ne likitocin farko. Danne rauni da tsumma mai tsabta yana tsai da jini. Ƙuna ana kwarara mata ruwa mai sanyi ne har minti 20, ba manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, in aka cicciɓe shi hannu da ƙafa aka naɗe shi a bayan babur, ƙashin da ya tsage na iya yanke laka, a mai da mai jinyar wata uku gurgu na har abada. A kan ƙyaure ko faffaɗan katako ake ɗaukarsa, kai da jiki a miƙe. Dokar masana'antu ta wajabta ajiye akwatin taimakon farko, da ƙarin guda ga kowane mutum 150, amma akwati ba wanda ya iya aiki da shi ado ne.

Sai nisa. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kimanin kilomita 70 ne. Akwai babban asibiti a Gwarzo, amma mummunar karaya ko raunin kai sau da yawa sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Rauni iri ɗaya ya fi haɗari a ƙauyen Unguwar Tudu da damina, lokacin da hanya ta ɓaci, fiye da a Sharaɗa.

Ba mu zo don mu ci mutuncin masu ɗori ba, sana'a ce ta gado, jama'a kuma sun amince da su. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ɗaurin da aka tamke har yatsu suka kumbura suka yi sanyi suka canza launi, waɗannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba. Ƙafafu da yawa da aka yanke, ba haɗarin ne ya ci su ba, ruɓewar da ta biyo bayan ɗauri ce.

Na shida: takarda

A nan ne inshora kan taɓa munin rauni. Wanda ya san za a biya kuɗin maganinsa yakan tafi asibiti da wuri, ya kuma zauna har ya warke. Wanda bai sani ba yakan ɗaure ciwo da tsumma ya koma aiki don kada a sallame shi, ciwon ya rikiɗe. Dokar 2010 ta ce ma'aikaci, ko iyalinsa, ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangida ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Ta tanadi magani, da gaɓoɓin roba, da koya wa wanda ya nakasa wata sana'a. Ta kuma ba hukumar ikon ƙara wa wurin da haɗari ya yi yawa kuɗin da yake zubawa, don mai kamfani ya ji a aljihunsa.

Matsalar ita ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba a ƙarƙashin tsarin hukuma suke aiki ba. Doka ta ambace su, amma rajista ba ta kai gare su ba. Ke nan alƙaluman masu inshora ɗan yanki ne kawai na abin da ke faruwa, kuma waɗanda suka fi shiga haɗari su ne suka fi ƙarancin shiga littafi.

Ƙaddara da sakaci

Mun sani wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Shari'armu kuma ta san diyya da lamuni tun kafin Bismarck. Haƙuri na wanda abin ya sama ne. Bai kamata wanda ya bar inji a buɗe ya riga kowa ambaton ƙaddara ba.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne injiniyoyi, da akawuna, da sufetoci, da jami'an ƙananan hukumomi masu sa hannu a takardar kwangila. Muna ba da shawara huɗu. Da farko, kafin samari su tafi cin rani bana, mu zauna da su a majalisu da ƙofar masallatai mu bayyana musu wa'adin kwana 14 da na shekara ɗaya, mu ce kowa ya riƙe sunan kamfaninsa, da na helumansa, da katin asibiti. Na biyu, mu nemi ma'aikatan lafiya na yankinmu su koya mana taimakon farko, mu kuma mu koya wa masu injin niƙa, da direbobi, da masu haƙar rijiya. Na uku, yayyenmu da ke ofis su tambaya ko ma'aikatarsu tana zuba kashi ɗayan nan, kada kuma su ba da kwangila ga wanda bai yi wa leburorinsa rajista ba. Na huɗu, kowannenmu in ya koma gida ya dubi injin da ke unguwarsu, in bel ɗinsa a buɗe yake ya yi wa mai shi magana cikin ladabi, in ta kama a yi karo-karo a kai wa mai walda.

Waɗanda ke ɗaukar bulo a birni ƙannenmu ne da yayyenmu, da yawa cikinmu kuma da guminsu aka biya mana kuɗin makaranta. In ilmin da muka samu bai kare musu hannu da ƙafa ba, ba mu biya bashin da ke kanmu ba.

Allah ya kiyaye ma'aikatanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wurin neman halaliyarsu.